Gadon da Harmen Ya Ƙera wa Baukje

A ƙauyenmu in ka ji ƙarar guduma tun ba a buɗe gidan burodi ba, ba sai ka leƙa ta taga ba, Harmen Postma ne ya sake samun dabara. Mutumin nan ya ƙare ƙuruciyarsa yana sayar da labule da darduma a wani shago a garin Sneek, amma tun da ya ajiye aiki ya gano cewa ashe injiniya aka haife shi, shagon ne kawai ya tare masa hanya. Ya gyara famfon gidansa, ruwa ya ɓullo ta rufi. Ya gyara keken matarsa Baukje, ta yi wata guda tana zuwa kasuwa a ƙafa. Ko kaɗan wannan bai rage masa ƙarfin gwiwa ba. In ka tambaye shi sai ya ce kayan zamani ne ba su da aminci.

Bayan sauraron muryarsa, abin da Harmen ya fi so a duniya shi ne tsohon tafi-da-gidanka ɗinsu, ɗan ɗakin nan mai taya biyu da suke maƙala wa mota a baya duk lokacin zafi. Kowace shekara da shi suke gangarawa tuddan ƙasar Beljiyam, filin wata manomiya Madam Odile a gefen rafi, inda suke tarar da fuskokin bara a gurabensu na bara. A can bayan ɗakin akwai benci biyu suna kallon juna, da tebur a tsakani. In lokacin kwanciya ya yi sai a sauke teburin, a jera katifun benci a kai, ya zama gado. Da safe a warware, ya koma tebur. Tun suna da ƙuruciya Baukje ce ke wannan aiki, domin daidai lokacin ne kullum Harmen ke tuna ya kamata ya fita ya duba tukunyar gas, ko ya ga ta ina iska ke kaɗowa.

Wata rana da bazara suna share ɗakin, Baukje ta ɗaga wata katifa, ta dafe ƙugu, ta ce, "Harmen, haɗa gadon nan da warware shi ya fara fin ƙarfina. Bana ni kaɗai ba zan iya ba."

Duk mai kunne biyu ya san abin da matar nan take nufi. Harmen kuwa kiran injiniya ya ji. Ya zaro tef ɗin awo daga aljihu, ya ce ta kwantar da hankalinta, daga bana ta daina taɓa katifa har abada, zai girka mata gado na dindindin, irin wanda ba a naɗewa ba a warwarewa, a faɗa kawai a yi barci. Baukje ta buɗe baki za ta yi magana, ta ga har ya durƙusa yana awo yana magana da bango, sai ta rufe bakinta ta ci gaba da shara.

Aka yi sa'a, ko kuma rashinta, a makon nan cocin wani ƙauye kusa da mu yake rabuwa da tsofaffin bencinansa. Harmen ya kwaso uku. Katako ne na mutanen da, wanda ƙarti biyu ke nishi kafin su ɗaga ɗaya. Ya baje su a tsakar gida ya hau aiki.

Maƙwabcinsa Jelle ya jingina da shinge riƙe da kofin gahawa. Shi ma duk shekara filin Madam Odile yake zuwa da matarsa Renske, kuma ba shi da wani nishaɗi a duniya da ya wuce tsokanar Harmen.

"Maƙwabci, jirgin ruwa ake sassaƙawa?"

"Gado ne."

"Na giwa?"

"Na mutanen da suka san darajar bayansu. Kai ci gaba da kwanciya a kan kwalin nan da kamfani ya sayar maka."

"To ta ina zai shiga?"

Harmen ya ce ta ƙofa mana, ta ina gado ke shiga. Da gadon ya haɗu, rabin layinmu suka taru suka tallafa masa har bakin ɗakin, nan aka ga ƙofar ko rabin faɗinsa ba ta kai ba. Aka gwada a tsaye, aka gwada a karkace. Harmen ya share gumi ya sanar da jama'a cewa dama gwaji ne, masu sana'a ba sa haɗa abu a gurbinsa sai sun fara haɗa shi a waje. Ya kwance shi kaf, ya shigar da shi guntu-guntu, ya sake haɗawa a ciki. Ya ɗaure ƙusa ta ƙarshe ya miƙe, sai ya ga kusurwar gadon ta danne ƙofar ban ɗaki, ba ta buɗewa sai iya shigar hannu. Ya sa zarto ya datse kusurwar. Sabuwar katifar da ya sayo kuma ta ƙi yarda da gado mai kusurwa uku da rabi, sai ya shiga kicin ya ɗauko wuƙar yanka burodi ya gyara mata zama. Kwana biyu soso na yawo a layin kamar an fige agwagwa.

Ƙarƙashin gadon ya zama wani makeken rumbu, kuma rumbu yana son murfi. Harmen ya waiga ya ga teburin a jingine, ba shi da sauran aiki. Ya cire masa ƙafa, ya sa masa maƙalai, ya mai da shi murfi, ya ɗora katifa a kai.

Da Baukje ta shigo ganin aiki, ba ta kalli gadon ba, inda teburin yake a da ta kalla. A kan teburin nan 'ya'yansu suka koyi karta, kuma a kansa take yanka kek ɗin tuffa duk ranar haihuwarta, wadda kullum takan faɗo suna filin Madam Odile. Bana kuma shekara sittin take cikawa. Ranta ya ɓaci sosai, amma ba mace ce mai hayaniya ba.

Ta ce, "Saurara da kyau, Harmen. Ranar haihuwata baƙina za su zauna, kuma za su sami inda za su ajiye kofi. In ba su samu ba, daga wannan tafiyar na gama. Mu dawo ka sayar da ɗakin, ni in riƙa bin ƙanwata otal."

Harmen ya tsorata, domin ya san Baukje ba ta maimaita magana, kuma shi bai san yadda ake lokacin zafi ba tare da ɗakin nan da matar nan a cikinsa ba. Amma bakinsa ya riga hankalinsa. Ya ce ai gadon nan zai ɗauki rabin filin Madam Odile a zaune, batun kofi kuma ta bar masa, yana da tsari.

Ranar lodi ta zo. Mutanenmu ba sa yarda da dankalin wata ƙasa, Harmen kuwa ya fi kowa. A da buhu ɗaya suke ɗauka don rashin wuri. Bana da ya ga rumbu, sai ya fara jefa ƙarfen da ake murɗawa a sauke ƙafafun da ke tallafe ɗakin in an yada zango, don kada a manta, sannan ya zazzage buhu bayan buhu a kai, domin a cewarsa dankali a zube ya fi cika lungu. Ya bi da ƙullin cuku biyu manya, da gwangwanayen miyar wake, da gahawa, da akwatin kayan aikinsa. Ya danna murfi da gwiwa ya buɗe wata 'yar ƙofa da ya yanka ta waje, ya nuna wa Renske yadda za a riƙa zaro dankali ba sai an shiga ciki ba. Dankali uku suka faɗo mata a ƙafa, ya yi maza ya rufe ya sa sakata.

Jelle ya zagayo gaba, ya sa ɗan yatsa ɗaya a ƙarƙashin hancin ɗakin, wato doguwar ƙugiyar da ake maƙala wa mota. Hancin ya taso sama kamar ba ƙarfe ba.

"Maƙwabci, duk nauyinka yana baya."

"Ka dai ga aiki. Naka sai ka kira Renske ta kama maka, nawa da yatsa ɗaya ake ɗagawa."

"Zai yi maka rawa a hanya."

"In ya yi rawa sai in yi masa kiɗa."

Rawa kuwa ya yi. Suna hawa babban titi ɗakin ya fara kaɗa gindi dama da hagu kamar kare ya ga maigidansa. Baukje ta riƙe ƙofa da hannu biyu. Harmen ya rage gudu, ya ƙara ragewa, har ya sauka daga babban titin ya bi ƙananan hanyoyi, ya ce dama ya daɗe yana son ta ga ƙauyuka. Wani dattijo a kan keke ya wuce su ya ɗaga musu hannu. A wani tudu kuma tarakta ta yi ta binsu tana matsa musu oda. Jelle da Renske, da suka bar gida bayansu, sun isa sun kafa rumfa sun yi wanka sun ci abinci kafin a hango hancin motar Harmen.

A filin Madam Odile ba a taya sabon zuwa aiki sai ya roƙa, amma ana kallonsa. Kafin Harmen ya kashe mota kujeru sun juyo, kowa da kofinsa a hannu. Gurbinsu yana kan ɗan gangare, bayansa na kallon rafi. Harmen ya shiga da baya a karo na biyar, bayan ya gaisa da igiyar shanyar wasu mutanen garin Groningen. Ya fito yana murmushi, ya zare ƙugiya daga mota, hancin ɗakin ya tashi da shi har ƙafafunsa suka bar ƙasa. Ya rungume shi ya danno da ƙirji, ya kwanta a kai, ya ce wa Baukje cikin ƙasa da murya ta miƙo masa ƙarfen murɗa ƙafafu.

Baukje ta tambaye shi ina ya ajiye.

Nan Harmen ya tuna. Ƙarfen yana can ƙasan rumbu, dankalin wata guda a kansa. In kuwa ba a sauke ƙafafun nan huɗu na kusurwa ba, ɗakin lilo ne kawai a kan taya biyu.

Jelle ya taso da nasa ƙarfen yana kaɗa shi kamar sandar mai kiɗan coci. Ya ce ga aro, ba ya karɓar ko sisi, abin da yake so kawai Harmen ya faɗa a gaban jama'a cewa nauyinsa yana baya. Harmen yana kwance a kan hanci, fuska ta yi ja, ya ce ya gode, amma tsarinsa ya wuce zamanin ƙafafu. Ya sa Baukje ta zauna a kan hancin, ya samo igiya da dogon turken rumfa, ya buga turken a ƙasa da guduma, ya ɗaure hancin tamau. Ya hau ya yi tsalle a ciki, ɗakin bai motsa ba. Wata mata ta tafa masa. Harmen ya rusuna mata kamar wanda ya gama wasa a dandali.

A faɗi gaskiya, gadon ya yi daɗi. Bayan abincin rana, lokacin da sauran mutane ke gyangyaɗi a kujera wuya a karye, Harmen sai ya shige ya miƙe, ya bar taga a buɗe don a ji minsharinsa. Baukje ma ta yarda bayanta ya sami sauƙi. Sai dai ita ce a jikin bango, in za ta sauka sai ta tsallake Harmen, shi kuwa ba ƙaramin tudu ba ne, ga rufin kabad a saman kanta. Kwana uku ta yi da ƙulu a goshi. Abinci kuma a cinya ake ci, ko a tsaye a gaban murhu, kafaɗa na gugar kafaɗa. Ran da aka yi yayyafi suka zauna a bakin gado suna kallon ƙofar ban ɗaki, babu inda za a baje karta.

Harmen bai gaya wa kowa ba, amma turken nan ya hana shi sukuni, kullum sai ya zagaya ya taka shi da ƙafa. Ya gwada tono ƙarfen ta sama, ya ɗaga murfi ya zura rabin jikinsa, murfin da katifa suka rufto masa a baya. Renske ce ta leƙo aron gishiri ta tarar da ƙafafu biyu suna harbin iska. Da aka zaro shi ya ce duba iskar rumbun yake yi. Daga nan ya sake dabara: in an cinye dankalin, ƙarfen zai fito da kansa. Aka shiga cin dankali safe da rana da yamma, dafaffe, soyayye, dakakke da kabeji. Ya fara bin maƙwabta da kyautar dankali a bokiti, abin da ba a taɓa gani ba daga hannun Harmen, har Madam Odile ta tambayi Baukje ko lafiya mijinta yake. Duk da haka rumbun bai ko faɗa ba.

Daren jajibirin ranar haihuwar aka kwana ana ruwa, ƙasa ta jiƙe ta yi laushi. Da safe gari ya washe, Baukje ta karɓo kek ɗin tuffa daga gidan burodin ƙauyen, Harmen ya jera kujeru a da'ira a kan ciyawa. Batun ajiye kofi kuwa, ya kifa bokiti a tsakiya ya rufa masa ƙyallen labule, ya ce a manyan birane yanzu haka ake yi. Baukje ta kalli bokitin ta kalle shi.

Baƙi suka fara zuwa. Kowa ya sumbaci Baukje a kumatu, sannan ya bi da'irar yana miƙa hannu: barka da ranar matarka, barka da ranar maƙwabciyarka, barka da ranar ƙawarka. Mutanen Groningen sun zo, Madam Odile ta zo da kwalbar zuma, Jelle da Renske sun zo. Daga ƙarshe aka kawo Gwaggo Sietske, ƙanwar mahaifin Baukje, wadda ta haura tamanin, mace mai jiki da murya, da ba ta taɓa fashin wannan rana ba. Ana cikin zuba gahawar farko sama ta sake haɗewa, ruwa ya sauko a karkace da iska, ƙyallen labule ya tashi ya bar bokiti tsirara.

Jelle ya ce a koma rumfarsa, akwai wuri, akwai tebur. Baukje har ta miƙe. Harmen ya tare hanya ya buɗe hannuwa, ya ce baƙin matarsa ba za su sha gahawa a gidan wani ba alhali ga fada a buɗe. Ruwa na dukan mutane, ba wanda ya tsaya musu, aka yi ta cusawa ciki.

Ba wurin zama sai gado. Aka hau, wasu a baki, wasu suka naɗe ƙafa a tsakiya, Madam Odile ta takure a kusurwar da aka datse. Kowa ya riƙe kofinsa a hannu, gwiwa na gugar gwiwa, tagogi suka yi gumi. Ɗakin ya yi wani ɗan nishi. Harmen yana can gaba wajen murhu da tukunyar gas, yana yanka kek, ya ce kada kowa ya damu, katakon coci ne, ya saba ɗaukar masu zunubi.

Gwaggo Sietske ce ta shigo ƙarshe. Ta tsaya tana huci, ta dubi gadon, ta dubi Harmen.

"Kai yaro, ina teburin?"

"Kina dab da zama a kansa, Gwaggo."

"A gidanmu ba a zama a kan tebur."

"Wannan ya sami ƙarin girma, ya zama gado."

"Kai kuma yaushe za ka samu?"

Aka yi dariya, aka matsa mata, ta zauna. Ɗakin ya sake nishi, mai tsawo wannan karon. Jelle ya daina dariya ya ce wa Harmen don Allah ya tsaya inda yake, ya miƙo kek ɗin hannu da hannu. Amma Harmen ya shirya jawabi tun a gida, kuma jawabi ba a yin sa daga kicin. Ya ɗauki farantin kek da hannu biyu ya nufo gado yana gyaran murya.

Ya ce, "Jama'a, shekara da shekaru matar nan tana fama da katifu. Ni kuwa da na ga haka, na ce in dai ina raye..."

A waje, turken ya zare daga laka ba tare da ko ƙara ba.

Hancin ɗakin ya tashi sama a hankali, cikin natsuwa, kamar saniya za ta miƙe. Gindinsa ya daki ƙasa. Duk wanda ke kan gado ya gangara jikin bangon baya, Gwaggo Sietske a saman tari, gahawa ta yi sama ta dawo. Harmen ya taho da gudun da bai yi niyya ba, kek a gaba shi a baya, ya kifa fuska a ciki a kan cinyar Madam Odile. Kabad suka buɗe, tukwane da cokula suka biyo sahu. Sai kuma aka ji wani ruri daga ƙasa: sakatar 'yar ƙofar waje ta ɓalle, dankali ya sami hanya.

Mutanen filin da ba a gayyata ba sun fito bakin rumfunansu da lema. Suka ga tafi-da-gidanka ya ɗaga hanci sama, turke na lilo a igiya, dankali na kwarara daga gindinsa yana gangarawa rafi, ƙullin cuku biyu na tsere a tsakiya, karen mutanen Groningen na binsu da haushi. Da rumbun ya zazzage kaf, abu na ƙarshe da ya faɗo a kan ciyawa shi ne ƙarfen murɗa ƙafafu.

A ciki aka fara laluben wane ƙafar wane ne. Ba wanda ya ji ciwo, sai Gwaggo Sietske da ke tambayar wa ya zauna mata a kan jaka. Jelle ya ce a rarrafa gaba ɗaya bayan ɗaya. Aka yi ta hawa tudu da gwiwa, da mutum na huɗu ya isa murhu sai ɗakin ya dawo ya daki ƙasa da hanci, sauran gahawar da ta tsira ta zube. Aka fito cikin ruwa ɗaya ɗaya, gashi a hargitse. Renske ce ta fara dariya, ta toshe baki ta kasa, daga nan filin gaba ɗaya ya ɗauka, har Madam Odile na dafa mota tana share hawaye.

Mutum biyu ne ba su yi dariya ba. Baukje ta tsaya da kofi a hannu, babu komai a cikinsa, babu kuma inda za ta ajiye shi. Harmen ya kalle ta ta cikin tuffa da kirim, ya ga kofin, tsoro ya kama shi na gaske. Ya buɗe baki zai ce ƙasar Beljiyam ce ba ta riƙe turke, sai ya fasa. Ya sunkuya ya tsinci ƙarfen nan a laka, ya zagaya kusurwa huɗu ya sauke ƙafafu. Sannan ya tako gaban Jelle.

"Maƙwabci, nauyina yana baya. Zo ka kama mini mu ciro teburin."

Jelle ya so ya ce wani abu, Renske ta taka masa ƙafa. Suka shiga su biyu suka ture katifa, suka kwance maƙalai, suka fito da teburin. Ya sha ƙusa ya sha dankali amma bai tsage ba. Ƙafarsa tana gida, don haka aka cika bokiti biyu da dankalin da aka tsinto aka ɗora shi a kai a rumfar Jelle. Aka jera kujeru a da'ira, aka dafa sabuwar gahawa, aka raba biskit ɗaya ɗaya da ɗan abin da aka kankaro daga farantin kek. Baukje ta zauna ta ajiye kofinta a kan teburinta. Harmen bai zauna ba, yana tsaye a gefe kamar mai jiran hukunci.

Ta ce, "Harmen, ni na ce maka ina son gado?"

"Kin ce ya fi ƙarfinki."

"Na ce ni kaɗai ba zan iya ba. Ka kwaso coci guda ka cusa a ɗaki, don dai kada ka kama mini gefen katifa."

Gwaggo Sietske ta ce ai ita tun ranar bikinsu ta faɗa. Harmen ya sa hannu ya share kirim daga gira, ya tambaya a hankali ko za a sayar ɗin. Baukje ta kurɓi gahawa ta bar shi ya ɗan dahu. Sannan ta ce baƙinta sun zauna, sun kuma ajiye kofi, don haka a wannan karon ya sha. Amma benci zai koma benci, tebur ya koma tebur, kuma daga yau ta gama taɓa katifa har abada, kamar yadda ya yi mata alkawari da bakinsa a gaban tef ɗin awo.

Katakon cocin Madam Odile ta karɓa ta gyara garken awaki, har yau yana nan, awaki uku ba su iya motsa shi ba. Da suka dawo gida Harmen ya yi kwana biyu yana mai da ɗakin yadda yake, da aron kayan aikin Jelle da kuma bakin Jelle a kansa.

In ka bi ta filin a lokacin zafi, da yamma bayan an wanke kwanoni, za ka ji muryarsa ta taga yana yi wa duk mai wucewa bayani. Gadon dindindin, in ji shi, na malalata ne, yana cinye rabin ɗaki, yana kai nauyi baya, shi tun farko ya san haka, gwaji ne kawai ya yi don mutane su gani da idonsu. Haɗa gado kuwa fasaha ce, kuma daga nan har bakin teku babu mai saurin hannunsa. Baukje na zaune a waje da littafinta, ƙafa a miƙe, ko ɗago kai ba ta yi.

"Katifar tsakiya a baibai take, Harmen."

"Haka ƙwararru ke sa ta."

Sai ya leƙo ya ga ko tana kallo, ya juya ta a hankali.